Jinkar Ɗakin da Aka Haifi Inna

Tun da na dawo ban auna yadi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wadda ta leƙo rumfata a kasuwa, kafin ta taɓa atamfa sai ta ce, "Rabi, wai da gaske har Nijar kika je saboda ɗakin ciyawa?" Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, har ya fara canza kama a bakin mutane. Jiya ma na ji an ce wai gadon gona na je karɓowa. To ga yadda aka yi nan na rubuta, kowa ta karanta ta bar ni in yi cinikina.

Inna, wato mahaifiyata, Ba'adara ce. Babanmu ya auro ta daga wani ƙauye na ƙasar Keita, kusa da Ibohamane, ya kawo ta Zariya tana yarinya ɗanya. A nan ta haife mu, a nan ta aurar da mu, a nan mijinta ya rasu, amma har yau in ta ce "gida" ba Zariya take nufi ba. Muna yara in mun ɓata mata rai sai ta ce, "Ku yi ta yi, ni baƙuwa ta, gida za ni koma." Mu kwashe da dariya. Ta kan je ganin gida lokacin ina ƙarama, daga baya hidimar iyali ta riƙe ta. Yanzu ƙafa ce ta riƙe ta, ido ma ya yi yana.

Gidan da take faɗa ɗin ɗaki ɗaya ne, kagon dutse zagayayye mai jinka, wanda kakan kakanta ya gina lokacin da ya sari garin. A ciki aka haife ta, a ciki aka haifi babanta. Bana wani ɗan garinsu mai zuwa ci-rani ya biyo gaishe ta, yana cikin shan fura ya saki baki ya ce ai jinkar ta rufta tun bara, kuma in damina ta sake samun bangon a buɗe, sai dai a zo a tara duwatsu. Inna ba ta yi kuka ba. Ta juya fuska bango kawai, abinci ya koma sai an yi da gaske take cin loma biyu. Da na matsa mata sai ta ce, "Rabi, in ɗakin ga ya hwaɗi, ina za ni koma?" Na san ba ta iya zuwa ko'ina, ina jin ita ma ta sani. Amma ban iya jin wannan tambaya sau biyu ba. Na bar ta a hannun 'yata Maryam, na ɗaure jakata.

Motar Sakkwato ba wani labari a cikinta sai zafi da addu'a, don kowa ya san halin hanyoyinmu yanzu. Na sauka wajen wata ƙawata, gari na wayewa na shiga ta Illela. Ni da nake zaton iyaka wani babban abu ne mai katanga, sai na tarar da sanda a gicciye, mutane na kai da kawowa da babura da amalanke kamar ranar kasuwa. A ɓangaren Kwanni wani jandarma ya karɓi katina, ya dube shi, ya dube ni.

"Madam, ina zuwa?"

Na ce garinsu mahaifiyata, na faɗi sunan ƙauyen.

"Wane gida?"

Na faɗi sunan kakana. Sai ya saki fuska, ya ce kakarsa ta wajen uwa daga tsallaken fadamarsu take. Ya miƙo mini katin ya ce, "Ashe gida za ki. To mi ya hana ki zuwa tun tuni?" Na karɓi katina na wuce. Kusan duk wanda na haɗu da shi daga nan har ƙarshen tafiya sai da ya yi mini wannan tambayar, kuma amsar ba ta zo ba.

Motar Madawa cike take da 'yan ci-rani masu komawa kafin ruwa ya sauka. Katifu a sama, buhuna a ƙasa, mu a tsakiya. Wanda ke gefena daga Abijan yake, yana riƙe da 'yar rigar jariri a leda, ya ce an yi masa haihuwa bayan tafiyarsa. Wani ya tambayi watan da aka yi haihuwar, ya lissafa, ya ce, "Kai, rigar ga ko hannu guda ba ta shiga." Duk motar ta ɗauki dariya, shi ma ya yi, amma bai saki rigar ba. A Galmi muka ɗauki wata mai albasa, Haja Abu, ta ɗora buhunta a kan ƙafafuna ba ko sannu, sannan ta zauna ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo har da tambayar lafiyar mutanen da ba ta sani ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne cin abinci. Mu a nan an koya mana kada ki karɓi komai daga hannun baƙo a mota. Su kuwa duk wanda ya kwance ƙullinsa sai ya zagaya kowace kujera. Dabino ya zo na ce na gode. Cuku ya zo na ce na ƙoshi. Wani tsoho a baya ya leƙo ya ce, "Haja, azumi kika yi ko mu na ba ki yarda da mu ba?" Kunya ta kama ni, na miƙa hannu. Kafin mu isa Madawa na ci abin mutum shida.

Mun iso bayan motar Buza ta tashi, sai ta gobe. Ina tambayar masauki Haja Abu ta ɗauki jakata ta yi gaba, kamar ma tambayar zagi ce. Gidansu gidan saƙar tabarma ne, tun daga zaure kaba ce a jiƙe, mata na zaune suna hira hannuwansu na aiki ba sa ko kallo. Aka kawo fura. Na sha, na ajiye ludayi ina jiran abinci, ashe abincin ke nan. Mu a Zariya fura abin sanyaya maƙogwaro ce, su kuwa ita ce safe, ita ce rana. Da yamma ɗanta ya sayo kilishi, wanda har yanzu in na tuna shi sai na ji haushin namu.

A nan na yi wautar da har gobe ake ba da labarinta a garinsu Inna. Tun daga gida na ƙudura cewa in na je kwano zan sa wa ɗakin, a huta da ciyawa har abada. Su "tol" suke ce wa kwano. Haja Abu ta ce, "Ɗakin kago na, ko mai kusurwa?" Na ce ban taɓa ganinsa ba, amma ai rufi rufi ne. Ta dube ni, ta ɗan murmusa, ta raka ni na saya. Da safe ta naɗe sabuwar tabarma ta cusa mini a hammata, ta ce in gaida tsohuwa.

A-kori-kura muka shiga zuwa Buza, kwanona a ɗaure a sama yana ta ƙara kamar ana kiɗan gwangwani. Ba a yi nisa ba sunana ya koma Haja mai tol. Muna hawan wani tudu igiya ta kwance, iska ta ɗauki falle ɗaya ta yi daji da shi. Direba ya taka burki, kafin in buɗe baki mutane sun dire sun bi shi da gudu, har da wani malami mai rawani yana riƙe da bakin riga. Suka dawo da shi a lanƙwashe, suna haki, suna yi mini jaje kamar ɗana ne ya ɓata aka gano.

A tashar Buza na tarar da Illa yana jirana a kan babur. Ɗan yayan Inna ne, wato taubashina, kuma ko da yake ba mu taɓa haɗuwa ba, bai ɓata lokaci ba. Ya kewaye ni da kallo ya ce, "Wagga ta tobashiyar tawa? An ce min 'yar birni, na ga buhun hatsi. Moto na bai ɗaukar ki."

Na ce, "In ka ci abinci ka yi nauyi, babur ɗin zai daina tashi sama."

Ya ce, "To, jininmu ta," ya ɗaure jakata. Kwanon muka bar wa mai amalanke ya biyo mu da shi.

Ƙasarsu dutse ce. Gonaki ma an jera musu duwatsu layi-layi don su tare ruwa, Illa ya ce mata ne suka ɗauko su a ka. Na riƙe ƙarfen babur har hannuna ya mutu. Da muka gangara cikin garin, wata tsohuwa ta fito daga wani gida tana kare rana da hannu, sai na ga fuskar Inna ce sak, sai dai wannan tana tafiya da ƙafarta. Inna Zali ce, ƙanwarta. Ta kama fuskata da hannu biyu tana cewa, "Ɗiyar Hajo! Ɗiyar Hajo ta zo!" A Zariya kowa Inna Ba'adara yake ce mata. Ranar na fara jin an kira uwata da sunan da aka san ta da shi tana yarinya, kuma kowace tsohuwa da ta shigo da shi take kiranta, kamar jiya ta fita.

Ban ko sha ruwa sosai ba na ce a kai ni ɗakin. Yadda Inna take ba da labarinsa, na ɗauka zan ga abu kamar soron fada. Ashe ɗan kago ne a tsakiyar gari, ƙofarsa sai an sunkuya. Bangon duwatsu ne jajaye da aka jera da laka, gefe ɗaya ya fara kumburi. Jinkar ta rufta ciki, ta ruɓe, awaki sun mai da wurin nasu. Daga ciki bangon baƙi ƙirin ne da hayaƙin shekaru. Inna Zali ta nuna wani lungu ta ce nan gadon uwarsu yake, nan aka haifi Yaya Hajo. Na dafa dutsen, da ɗumi kamar jikin mutum. Na yi kukan da ban yi niyya ba.

Da la'asar amalanke ya iso da kwano, ya kuwa tara mini jama'a. Illa ya ɗaga falle ɗaya ya kara a bangon da yake zagaye, ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ya ce, "Tobashiya, naɗe shi za mu yi awa rawani, ko ko ɗakin za mu daka shi yi kusurwa?" Har tsofaffi sai da suka riƙe ciki. Kafin magariba ya kwashe kwanon ya kai bakin shagonsa, wai ladan ɗauko ni daga Buza. Taubashi ne, ba ni da bakin magana.

Na ce to, a yi ta ciyawa. Nan na ci karo da abin da ban gane ba. Duk namijin da na yi wa magana sai ya ce, "In sha Allahu, Haja," ya sulale. Wannan ya ce ciyawa ta yi wuya bana. Wancan ya ce a bari 'yan ci-rani su gama dawowa. Alhali ina ganin dammunan gamba a jingine a bayan kowane rumbu, kuma samari sun cika gari ba abin da suke sai shayi. Hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas da yamma. Raina ya ɓaci, na ce wa Inna Zali mutanen garin nan ba su da zumunci.

Ta ce in zauna. Tana tsinke zogale take ba ni labarin. Kakannin da suka sari garin ba Musulmi ba ne. A ɗakin nan suke rataye zangarniyar farko ta kowace kaka, ba mai taɓa sabon hatsi sai an yi haka, kuma akwai waɗansu abubuwan da ake yi a ciki da ita ma ba ta tarar ba. Da kakansu ya musulunta aka bar wannan, ɗakin ya zama na tsohuwar gida, inda matan zuriya suke haihuwa. Yanzu haihuwa ta koma asibiti, tsohuwar ƙarshe kuma ta rasu. Sai magana ta fara yawo cewa ɗakin ragowar tsafi ne. Tun daga nan ba wanda yake so a gan shi da dami ya nufi wurin, kada a ce ya koma gidan jiya. Ba kuma wanda zai iya cire dutse ɗaya, don rabin garin a bayan ɗakin aka binne cibiyarsu.

"Ba su gyarawa, ba su rusawa," in ji ta. "Sun bar ma ruwa shi yi musu aikin."

Na tare Illa a shagonsa, a ƙarƙashin kwanona. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce, "Rabi, ni ma can anka haihe ni. Kina tsammani ba ya yi min ciwo? Dut sahiya ta nan nika bi zuwa masallaci, in kau da kai. Amma ni ka jan salla in liman ba shi nan. In na hwara ɗaukar dami, mi za a ce?" Na tashi na bar shi. Na kira Maryam daga kan tudun da waya take kamawa, ta ce Inna ta tambaya ko an fara. Na ce ta ce mata ana shiri.

Inna Zali ce ta samo bakin zaren. Da safe ta zo inda nake, a ɗakin kwanon da Illa ya gina mata, ta ce, "Ina tabarmar da anka ba ki Madawa? Ɗauko ta. Yau can za ki sauka."

Na ce, "Can ina, Inna? Ai ba rufi."

Ta ce, "Shi na nika so. Ba su iya gyara ɗakin kakanni. Amma garin ga bai taɓa barin baƙo ga rana ba."

Mu biyu da waɗansu mata muka janye ruɓaɓɓiyar jinkar waje, muka share kashin awaki, muka kashe kunamun da Allah ya nuna mana. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye jakata da butata. Azahar ta yi, na yi sallata a ciki rana na dukan tsakar kaina. Ita kuwa Inna Zali ta ɗauki tulu, ita da ta daina zuwa rijiya tun tuni, ta je ta tsaya a cikin mata tana cewa ita dai ta ga zamani, ɗiyar Hajo ta taso tun daga Najeriya tana kwana a kango kamar akuya.

Kada wata ta ce mini jaruma. Na kwana a wurin ne don na riga na faɗa, amma na tashi bayana kamar an yi mini dukan sakwara, ga wani bunsuru tsaye a ƙofa yana harara ta, don wurinsa na ƙwace. Illa ya zo ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce in taso in koma ɗakin kirki. Na ce ni ɗakin uwata na zo, a nan na sauka. Da rana na yafa mayafi a kan sanduna biyu na zauna ƙarƙashi ina zufa. Sai ga shi ranar kasuwar wani gari ta zo, masu wucewa da jakuna suna tsayawa suna leƙe, suna tambayar wace ce, me ta yi aka ajiye ta nan. Labari ya fara fita garin.

Ba a daɗe ba maigari ya zo da kansa, tsoho mai sanda, liman na biye da shi. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ɗiyata, so kika ki kunyata mu ga idon duniya?"

Na durƙusa na ce, "Baba, ni baƙuwa ce. Ɗakin da uwata ta faɗa mini kaɗai na sani a garin nan."

Ya waiwaya ya ga Inna Zali tana ta tsintar tsakuwa a ƙasa kamar ba ta san abin da ake ba. Ya ce, "Wanga aikin Zali na. Tun tana yarinya haka take." Liman ya sunkuya ya leƙa, ya ga buta da abin salla. Ya miƙe ya ce, da ƙarfi yadda na nesa za su ji, "Ɗakin da aka salla ciki ɗaki na awa kowane." Maigari ya buga sanda ya ce gobe gayya, kuma kowa ya sani, inuwa za a yi wa baƙuwa.

Haka kowa ya riƙa faɗa washegari. Duk wanda ya shigo da dami a ka sai ya ce, "Ga na baƙuwa," ya ajiye. Ciyawar da aka ce babu ta taru har ta fi ƙarfin wurin, kuma na san daga cikin wadda suka tanadar wa rumbunansu ce suka rage. Wani tsoho da ƙyar yake tafiya ya jawo ɗan ƙaramin dami, ya ce na baƙuwa ne, amma ya daɗe tsaye yana shafa bangon kafin ya tafi.

Ban taɓa ganin yadda ake jinka ba, don mu mun tashi a cikin kwano da siminti. Ashe a ƙasa ake yin ta. Aka kafa sanduna aka haɗe kawunansu, aka bi su da tanka zagaye-zagaye, shi ne tsaiko. Waɗansu suna gefe suna yanta, wato jera ciyawa a igiya ta zama doguwar shimfiɗa, sannan a naɗa ta a jikin tsaikon daga ƙasa zuwa sama. Masu laka kuma suna gyara inda bango ya kumbura. Ni aka ba ni taɓarya in taya dakan furar gayya, ban yi nisa ba hannuna ya yi bororo, matan suka karɓe suna cewa a bar 'yar injin niƙa ta huta. Ina zaune ina hura tafin hannu na hango Illa ya je wajen tarkacen tsohuwar jinka. Ya zaro sanda ɗaya baƙa wadda gara ba ta ci ba, ya kawo ya ɗaure ta a cikin sababbin. Ba wanda ya tambaye shi.

Ɗagawar ce abin kallo. Maza suka shige ƙarƙashi, aka yi kabbara, sai ga jinka ta tashi tana tafiya da ƙafafu kamar arba'in, ba ka ganin kan kowa. Na waje suna ihu, "Dama! Hagu! Ku sassauta!" Na ciki ba sa ganin gabansu, har suka nufi rumbun maƙwabci, mai rumbun na kururuwa. Da aka zo bakin bango aka sa sanduna masu baki biyu aka tura ta sama, ta karkace, sannan ta zauna daram. Mata suka rangaɗa guɗa. Na shiga ciki, inuwa ta rufe ni, sanyi da ƙamshin ciyawa suka sauko. Na ce a raina, Inna, ga shi.

Na ɗauka an gama. Inna Zali ta ce saura babban aiki. Jinkar da ba a hura wuta a ƙarƙashinta ba ta gara ce, hayaƙi ne yake tsare ta, kuma hayaƙi sai da mutum. Kafin yamma ta sa an kwaso gadonta da tukwanenta da duwatsun murhunta. Illa ya ce shi da ya gina mata ɗakin zamani, yanzu me mutane za su ce? Ta ce, "Tol ɗinka dahwa ni shikai tun bara, kunya ta hana ni hwaɗi." Na ƙara 'yan kwanaki tare da ita a ciki. Muka yi ta tuwon hatsi da wutar kara, idona na hawaye, ita tana ba ni labarin Hajo, yadda take da tsiwa, yadda ta taɓa faɗawa rijiyar fadama garin leƙen inuwarta. Uwar da na sani mai shiru ce. Wannan yarinyar ban taɓa haɗuwa da ita ba, kuma na yi kewarta.

Ranar da zan taho ta rako ni har inda babur yake. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki hwaɗa ma Yaya na riƙe mata wuta. Amma ta yi sauri, ni ma ba daɗewa za ni yi ba." Illa ya ce in hau kafin taya ta gane ni ta sace. Muryarsa dai ba ta yi daidai da wasan ba.

Ruwan farko ya same mu tsakanin Madawa da Kwanni. 'Yan motar suna ta hamdala saboda shuka, ni ma ina yi, amma tawa daban ce.

Na iso Zariya na wuce ɗakin Inna ko mayafi ban cire ba. Na ɗauko hotuna da yawa a waya, na sa mata a hannu. Ta kawo ta kusa da ido, ta nisanta, ta juya. Ta ce, "Haske kaɗai nika gani." Duk wahalar nan, ban taɓa tunanin haka ba. Na sunkuya zan karɓi wayar, sai ta kama bakin mayafina. Ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Karan hatsi," in ji ta. "Da sabuwar gamba. Wa ka hura wuta ciki?"

Na ce Inna Zali ce, kuma ta ce in faɗa mata ta riƙe mata wuta. Sauran saƙon na haɗiye shi.

Ta zare mayafin daga kafaɗata ta rungume. Ta ce wa Maryam ta dama mata fura, mai kauri, ba irin ta mutanen Zariya ba. Ta sha fiye da rabi. Sannan ta ce, "To sai bayan damana, in hanya ta bushe." Na dubi ƙafafunta da ba sa kai ta ko tsakar gida. Na ce, "To, Inna, bayan damina."

Mayafin yana ƙarƙashin matashinta, ta hana a wanke. Kullum da hantsi sai ta jawo shi. Shekaranjiya ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta juya ɗaya gefen, sannan ta ce a hankali, "Rabi, ƙamshin ya hwara tahiya."

Na ce mata zan koma in ɗebo wani. Kuma ba don in kwantar mata da hankali na faɗa ba.